Takardar gwajin da ta kashe aure a Agege: "fositif" na farko ba hukunci ba ne

Akwai wani yaro da ke yi wa Babanmu aiki a kara, nan Oko-Oba. Na ce yaro ne don haka muke kiran duk wanda ke ƙarƙashin maigida, amma ya girme ni da shekara biyu. Shi ke rako shanu daga Arewa a bayan tirela, kwana biyu wani lokacin uku a hanya, rana da ruwan sama duk a kansa. Shekara huɗu ya yi yana tara kuɗin aure. Bayan an sa rana, waliyyin yarinyar ya bugo waya daga Kano ya ce a turo takardar gwaji tun da wuri, tunda yanzu doka ce. Sai ya shiga wani ƙaramin lab a bayan layi, aka ɗebi jininsa, kafin ya gama shan ruwan leda an miƙo masa takarda. Layi uku sun fita lafiya. Na huɗun an rubuta anti-HCV, a gabansa kuma reactive, an ja masa layi da jan biro. Ya tambayi yarinyar da ke kan tebur da ɗan Buroka ɗin da yake ji, ta ce masa ciwon hanta ne, ya je ya ga likita. Iyakar bayanin da ya samu ke nan.

Bai je wurin likita ba. Ya ɗauki hoton takardar ya tura ta WhatsApp, don shi ba mutum ne mai ɓoye-ɓoye ba. Bayan kwana uku aka aiko cewa a ɗan dakata. Kowa ya san abin da "a ɗan dakata" ke nufi a maganar aure.

Sai bayan wata biyar, da na raka shi asibiti kan wani ciwon ƙafa daban, na nuna wa likita hoton takardar a wayata. Likitan ya duba ya ce, ina na biyun? Muka ce wane na biyu? Ya ce wannan ai rabin gwaji ne. Ya rubuta mana wani, muka harhaɗa kuɗi aka yi, bayan mako guda sakamako ya fito: babu ƙwayar cutar a jininsa ko kaɗan. Ta taɓa shiga jikinsa a wani lokaci, ƙila tun yana yaro, jikin ya kore ta da kansa. Lokacin da wannan takarda ta biyu ta isa Kano, an riga an ba wani yarinyar.

Wannan ne ya sa na zauna na karanta abin da zan iya karantawa, na kuma dami likitan nan da tambayoyi har ya fara yi mini dariya in ya hango ni. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, sakandare na gama na shigo kara. Amma abin da na fahimta bai fi ƙarfin kowa ba, kuma ina ganin ya kamata kowane Bahaushe da ke zaune a Kudu ya san shi, musamman yanzu.

Na ce musamman yanzu ne saboda a watan Mayun 2024 Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure. Dokar ta ce ba za a ɗaura aure ba sai an kawo shaidar gwajin jinsin jini saboda sikila, da ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da nau'in C. Mu da ke Legas da Ibadan da Onicha da Fatakwal, doka ce ta wata jiha, amma ta biyo mu har zango, don yawancinmu gida muke komawa mu yi aure, ko mu aurar. Kuma ko iyalan da ba na Kano ba sun ɗauki abin, yanzu kana zuwa neman aure sai a ce ina takarda. Ni ina goyon bayan dokar, kada wani ya fahimce ni a baibai. Wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaro mai sikila ba zai yi gardama da ita ba. Damuwata ita ce takardar ba likita ke karanta ta ba. Kawu ne ke karantawa, da waliyyi, da liman, da wani ɗan'uwa da ake ganin ya yi boko. Dukkansu kalma ɗaya suke nema, fositif ko nagatif. Ga ciwon hanta nau'in C kuwa, wannan kalma ɗaya ba ta faɗin gaskiyar magana.

Ga yadda abin yake. Gwajin farko, wanda ake yi da ɗigon jini a kan ɗan tsinken roba, ba ƙwayar cutar yake nema ba. Sojojin da jiki ya ƙera don yaƙar ta yake nema. Duk wanda cutar ta taɓa shiga jikinsa, jikin zai ƙera waɗannan sojoji, kuma a yawancin mutane suna nan a jini har ƙarshen rayuwa, ko cutar tana nan ko ta tafi. Ku 'yan kara za ku fi gane wannan. In ka ga tirela a fake a Ogere, bodinta duk kashin shanu, ƙasanta ga yashi da guntun igiya, ka san ta ɗauko shanu. Amma ba ka san ko shanun na ciki yanzu ba, ko an sauke su tun shekaranjiya. Sai ka hau ka leƙa. Gwajin farko kashin shanu yake nuna maka a jikin mota. Gwaji na biyu shi ne hawa a leƙa.

Kuma motocin da aka riga aka sauke ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 30 cikin 100 na waɗanda cutar ta kama, jikinsu na kore ta da kansa cikin wata shida ba tare da magani ba. Sauran kashi 70 ne take zama a jikinsu ta zama ciwo mai daɗewa. Wato in aka jera mutum goma masu takarda irin ta yaron nan, kusan uku a cikinsu lafiyarsu lau. Ka ƙara da waɗanda suka sha magani suka warke, su ma gwajin farko zai ci gaba da cewa fositif. Ka ƙara da cewa shi kansa tsinken yakan yi kuskure jefi-jefi, balle in ya sha zafi a ajiya ko wa'adinsa ya wuce. To a kan wannan ne za a fasa aure? A kan wannan ne za a ware wa mutum kwanon abinci?

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ba a cika faɗa ba. Sojojin nan ba nan take suke fitowa ba, sukan ɗauki mako takwas zuwa goma sha ɗaya bayan cutar ta shiga, wani ma ya fi haka. Wanda ya ɗauke ta a watan jiya zai iya yin gwajin farko yau a ce masa nagatif. Haka wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni sosai, kamar mai wankin ƙoda ko mai ƙanjamau da ya yi nisa, gwajin farko zai iya tsallake shi. Irin waɗannan likita kan tura su gwaji na biyu kai tsaye.

Gwaji na biyun, in za ka tambaye shi a lab, sunansa HCV RNA, wasu su ce PCR, wasu su ce gwajin yawan ƙwayar cuta. Rubuta shi a wayarka. Shi ƙwayar cutar kanta yake nema a cikin jini, kuma yana iya ganin ta tun mako ɗaya zuwa biyu da shigarta. In ya ce an gan ta, to tana nan, sai maganar magani. In ya ce ba a gan ta ba, kuma ba ka yi wani abin da zai sa ka ɗauke ta ba cikin wata shidan da suka wuce, to ba ka da ciwon. In akwai shakka likita zai ce a maimaita bayan 'yan watanni. Akwai wani gwajin da ake yi a madadinsa a wasu wurare, mai neman wani ɓangare na jikin ƙwayar cutar, ya ɗan fi sauƙin kuɗi, shi ma an yarda da shi. Lambar da ke fitowa a takardar, wani dubu ɗari, wani miliyan biyu, kada ta tsorata ka. Na tambayi likita ko mai miliyan ya fi mai dubu kusa da kabari, ya ce a'a, a nau'in C yawan lambar ba shi ke nuna yadda hanta ta lalace ba, kuma magani ɗaya za su sha.

To me ya sa ba a yin na biyun? Kuɗi ne da rashin bayani. Tsinken gwajin farko araha ne, kowane ƙaramin lab yana da shi, har wasu kemis. Na biyun sai da inji, kayan aikinsa daga waje ake shigo da su da dala, kuɗinsa ya ninka na farko sau da yawa, kuma tun da naira ta faɗi abin ya ƙara tsanani. Ƙaramin lab ba shi da injin, sai dai ya aika jinin wani wuri. Shi kuwa mai lab ya riga ya karɓi kuɗinsa na gwajin farko, ba shi da wata riba in ya zaunar da kai ya yi maka bayanin minti goma, balle kai ba ka jin Yarabanci, shi ba ya jin Hausa. Abin haushin shi ne injinan GeneXpert da aka raba wa asibitoci da dama a ƙasar nan don gwajin tarin fuka, su ma suna iya wannan gwajin in aka sa musu harsashin da ya dace. Inji na nan, wani lokacin harsashin ne babu, ko babu wanda ya ce a yi.

Wani zai ce, to in ba na jin ciwon komai, me zai kai ni? Nan ma kara ta koya mana darasi tun kafin likita. Sau nawa aka sayi sa mai ƙiba, tozo a tsaye, gashi na sheƙi, an duba haƙora an duba ido, aka kai shi abbatuwa aka yanka, sai hanta ta fito duk tabo, ta yi tauri kamar roba, likitan dabbobi ya ce a zubar? Dillalin da ya fi kowa ido ba ya ganin hanta daga waje. Haka ta ɗan Adam. Nau'in C yana iya shekara ashirin, talatin, yana cin hanta a hankali mutum na harkokinsa. Cikin masu ciwon mai daɗewa, kashi 15 zuwa 30 cikin 100 hantarsu kan ƙandare cikin shekara ashirin, wasu daga nan ta zama kansa. Ranar da ciki ya kumbura da ruwa, ƙafa ta kumbura, ido ya yi ɗorawa, ko aka fara aman jini, an yi nisa. A lokacin ne za ka ji ana cewa sammu ne, an yi masa asiri a kasuwa saboda ya fi su ciniki. Ni ma na girma ina jin irin wannan labarin a kan dattawan da suka koma gida suka rasu.

Amma in faɗa da babbar murya, tunda na kawo misalin saniya: ciwon hantar shanu daban, wannan daban. Na shanu yawanci tsutsa ce da suke ɗauka a fadama. Ba a ɗaukar nau'in C daga saniya, ko daga cin hanta, ko tsire, ko taɓa jinin dabba. Cuta ce ta jinin mutum zuwa jinin mutum. Kada gobe wani ya ce ɗan Alhaji ya rubuta cewa nama na kawo ciwo, Sarkin Fawa ya aiko a kira ni.

Kuma kada a dogara da rashin shawara. Mutanenmu na ganin in ido bai yi ɗorawa ba, fitsari bai yi ja ba, hanta lafiya take. Yawancin masu nau'in C ba su taɓa yin shawara ba. Har gwajin aikin hanta da ake yi, wanda wasu lab ke haɗawa su ce maka hantarka garau, yana iya fitowa daidai alhali ƙwayar cutar na nan. Gwajin aikin hanta ba ya maye gurbin na ƙwayar cuta.

Wani rikicin shi ne B da C, da mutane ke haɗa su a kwando ɗaya da sunan ciwon hanta. Ba ɗaya ba ne. B ya fi yawa a ƙasar nan nesa ba kusa ba. Babban binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018, wanda aka bi gida-gida ana gwajin ƙanjamau, ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da B, kashi 1.1 kuma na ɗauke da C. B yana da rigakafi, amma in ya zauna a jiki sai dai a danne shi da magani, galibi na dogon lokaci. C ba shi da rigakafi har yau, amma ana warkewa daga shi gaba ɗaya. Wanda ya yi allurar rigakafin B kada ya ɗauka ya tsira daga C. Kashi ɗaya cikin ɗari kuma kada ya yi maka kama da kaɗan. A kasuwar da mutum dubu ke wuni, mutum goma sha ɗaya ke nan, kuma wasu yankunan sun fi wasu sosai. A duniya baki ɗaya Hukumar Lafiya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum kusan miliyan 50 ne ke ɗauke da shi, ya kashe kimanin 242,000 a shekarar, kuma kashi 36 cikin 100 ne kawai aka gano suna da shi.

Maganar warkewa ita ce ta fi ba ni mamaki, don ban taɓa ji ba sai a bakin likitan nan. A 1989 aka gano ƙwayar cutar, mutum uku da suka yi aikin, Harvey Alter da Michael Houghton da Charles Rice, sun karɓi kyautar Nobel a 2020. Da can maganin allura ne na watanni, mai wahalar da jiki, kuma ba kowa yake yi wa aiki ba. A ƙarshen 2013 aka amince da ƙwayar sofosbuvir a Amurka, kuɗinta a lokacin dala dubu kowace ƙwaya ɗaya, dala 84,000 na mako goma sha biyu. Yanzu kamfanoni da yawa na yin ta, musamman a Indiya da Masar, farashi ya faɗi warwas. A 2023 an ƙulla yarjejeniyar sayar wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi haɗin sofosbuvir da daclatasvir a kan dala 60 na mako goma sha biyu gaba ɗaya. Kafin ya iso hannunka a kantin magani a Legas ya ninka, wannan kam mun saba, amma duk da haka wani dillali abokin Baba da aka samu ƙwayar cutar a jininsa, gwaji da magani da komai bai ci masa kuɗin sa guda ba. Ƙwaya ce a sha kullum, wata uku ga yawancin mutane, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 na warkewa.

Sai dai ba magani ba ne da za ka aiki yaro ya sayo. Kafin a fara, dole a gwada B, domin in mutum na da su biyun, maganin C zai iya tayar da B ɗin da ke kwance ya yi wa hanta mummunar illa. Ana gwada ƙanjamau, ana duba ƙoda, ana tambayar sauran magungunan da kake sha don wasu ba sa haɗuwa da shi. Ana kuma auna yadda hanta ta yi tabo, ko da hoton ciki, ko da wani lissafi da likita ke yi da gwajin jini guda biyu masu sauƙin kuɗi, tunda mai hantar da ta riga ta ƙandare yana bukatar kulawa daban, kuma ko ya warke za a ci gaba da duba shi saboda kansa. Bayan an gama shan magani sai a jira mako goma sha biyu a sake gwajin ƙwayar cuta. In ba a gan ta ba, an warke.

A nan ne ake cutar mutane ta hanya biyu. Dillalin nan da ya warke, wani ya ba shi shawara ya je ya tabbatar a wani lab, aka yi masa gwajin tsinke, ya fito fositif, ya dawo ransa a ɓace yana cewa likita ya ci kuɗinsa a banza. Kwana biyu muka yi muna lallashinsa da misalin tirelar nan. Wanda ya warke ba ya komawa gwajin farko, galibi har abada zai ce masa fositif. Ta ɗaya hanyar kuma, masu mota da lasifika da ke zagaya Agege da Mile 12 da Sabo, da masu jarkar agbo, da namu masu maganin farar shawara, su ne ke cin moriyar takardar farko. Mutum ya zo da fositif, a ba shi galan biyu ya sha wata uku. In yana cikin ukun nan da dama can ba su da ciwon, gobe ya yi gwaji na biyu a ce babu, sai ya zama shaidar mai magani, a ɗauki muryarsa a sa a lasifika. In kuwa yana cikin bakwai ɗin, ya ƙara wa hantar da ke fama da kanta wani nauyin. Ba ina zagin maganin gargajiya gaba ɗaya ba ne, da shi aka raine mu. Amma duk mai cewa yana warkar da nau'in C, a ce ya kawo takardar ƙwayar cuta ta kafin da ta bayan. Ban ga wanda ya kawo ba tukuna.

Ƙasar da ta nuna cewa abin mai yiwuwa ne ita ce Masar. A da su ne suka fi kowa wannan ciwo a duniya, saboda allurar maganin tsargiya da aka yi ta yi wa mutanen karkara shekara da shekaru da sirinjin da ba a tsabtace da kyau ba. A watan Oktoban 2018 suka fara gwajin ƙasa baki ɗaya, cikin watanni ƙalilan suka gwada mutum kusan miliyan 50. Abin lura a wurina ba yawan ba ne. Duk wanda gwajin farko ya nuna, a nan take ake ba shi ranar zuwa gwaji na biyu, kyauta, in an ga ƙwayar cutar a ba shi magani, kyauta. Ba su bar mutum da rabin takarda a hannu ba. A watan Oktoban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba su shaidar matakin zinare a hanyar kawar da cutar, su ne ƙasa ta farko da ta samu. A nan gida Jihar Nasarawa ta ƙaddamar da nata shirin kawar da nau'in C a 2020. Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da burin kawar da ciwon hanta nan da 2030, kuma 2030 ɗin ga ta nan a bakin ƙofa.

Kwatanta wannan da abin da muke gani a zango. Duk 28 ga Yuli, ranar ciwon hanta ta duniya, ko in zaɓe ya matso, sai a kafa rumfa a ƙofar fadar Sarkin Hausawa, a zo da riguna iri ɗaya, a tsaga wa mutum ɗari biyu yatsa, a yi hoto, a tafi. Wanda ya fito fositif a ce masa ya je babban asibiti. Wane asibiti, wane ɗaki, nawa zai riƙe, wa zai yi masa tafinta, babu. Mai turin baro ko mai sayar da albasa da in bai fita yau ba babu abincin dare, shi ne zai je ya wuni a layi a asibitin koyarwa? Sai ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ƙaru da fargaba kawai, ga 'yan ɗakinsu sun ji labari. Ban ce niyyar masu zuwa ba ta da kyau ba. Amma a ganina shugabanninmu su daina karɓar irin wannan gwajin sai an amsa musu tambaya ɗaya: wanda ya fito fositif, wa zai yi masa na biyu?

Kuma ba sai mun jira gwamnati ba a wannan. Ƙungiyoyin kara na karɓar kuɗi a kan kowace mota da kowane sa, ana tara na jana'iza, ana tara na belin wanda aka kama, ana tara na kai gawa gida. Abin da ake kashewa a kai gawa ɗaya daga Legas zuwa Arewa zai yi wa mutum da yawa gwaji na biyu. Mu da ciniki ne sana'armu, in ƙungiya ta je wa babban lab da mutum hamsin a lokaci guda, farashi ba zai zama na mutum ɗaya ba. Akwai ma tsarin da ake ɗiban jini sau ɗaya, in na farko ya nuna sai a wuce da jinin nan zuwa na biyu ba tare da an sake kiran mutum ba. A nemi wannan. Limamai da masu ɗaura aure kuma, ya kamata a zaunar da su a nuna musu takardun biyu su san bambancinsu, domin a hannunsu maganar ke mutuwa ko ta rayu.

Ko an samu ƙwayar cutar a jinin ango ko amarya, maganar ɗagawa ce, ba ta fasawa ba. Wata uku na magani, wata uku na jira, wata shida ke nan, bai kai yadda ake ɗaga biki saboda kayan ɗaki ba su haɗu ba. Tsakanin miji da mata ma nau'in C ba ya yaɗuwa da sauƙi kamar B. Uwa na iya sa wa jariri, kusan shida cikin ɗari, shi ya sa ya fi kyau mace ta warke kafin ta ɗauki ciki. Jaririn da uwarsa ke da shi ba a yanke masa hukunci da gwajin farko sai ya kai wata goma sha takwas, don kafin nan sojojin uwarsa ne a jininsa. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci a kwano ɗaya, ko buta, ko musabaha, ko tabarma, ko sauro.

Inda ake ɗaukarsa wurare ne da muka saba da su har ba ma ganinsu. Askar wanzami da ta bi kai goma. Ƙaho da tsaga. Kaciyar taro. Almakashi da rezar mai yankan farce da ke bin rumfa-rumfa, ya gama da kai ya goge a tsumma ya kama na kusa da kai. Allurar kemis ta bayan kanta, wadda mu Hausawa muke ganin in ba a yi ta ba ba a yi magani ba. Ƙarin jinin da ba a tantance ba bayan hatsarin mota. Da samarin da ke yi wa juna allurar maye da sirinji ɗaya, waɗanda kowa ya san inda suke zama amma ba a magana. Wanda ya warke ma zai iya sake ɗauka ta waɗannan hanyoyin, sojojin da ke jininsa ba sa kare shi. Ni yanzu da rezata nake yawo a aljihu, mai yankan farcenmu har ya daina jin haushi, shi ke tambayata in na manta.

Yaron nan yana nan yana aikinsa, ya sake fara tari. Takardun biyu ya haɗa su ya kai an manne su da roba, ya ce duk gidan da zai je nema nan gaba tare zai miƙa su. Bayan abin da ya faru mu bakwai a rumfarmu muka je muka yi gwajin, har da ni. Wanda ya rage Baba ne. Shekararsa sittin da wani abu, an yi masa ƙaho ba adadi, an taɓa ƙara masa jini a hanyar Jebba tun ina goye. Na yi masa bayanin nan duka, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Kai yaro, sa ba ya zuwa wurin mahauci ya ce a duba masa hanta." Na ce, "Baba, ai sa ba shi da maganin wata uku." Ya yi dariya ya ce in bari sai bayan Sallah, in kasuwa ta lafa. Na riga na biya kuɗin, rasit ɗin na wurin Hajiya.